Yadda ake binciken mu'amalar ɗalibai mata a jami'a ba tare da mai bincike ya ruɗi kansa ba

A shekarar 2007 mujallar Science ta buga sakamakon wani bincike da Matthias Mehl da abokan aikinsa suka yi a kan ɗaliban jami'a 396 a Amurka da Meziko, mata 210 da maza 186. An ba kowane ɗalibi wata 'yar na'urar naɗar sauti da zai riƙa yawo da ita a jikinsa, ita kuma tana kunna kanta na daƙiƙa 30 bayan kowane minti 12 da rabi, ba tare da mai ɗauke da ita ya san lokacin da take naɗa ba. Da aka rubuta abin da ta naɗo aka ƙirga, sai aka kiyasta cewa mata na furta kimanin kalma 16,215 a yini, maza kuma 15,669. Wannan rata ba ta kai abin da ƙididdiga za ta ɗauka da muhimmanci ba, domin a kowane ɓangare akwai shiru-shiru, akwai kuma masu surutu kamar aku. Kafin wannan lokaci an daɗe ana yaɗa cewa mace na furta kalma 20,000 a yini, namiji kuma 7,000, kuma mutane da yawa sun yarda saboda maganar ta dace da abin da suke zato tun farko.

Duk mai niyyar binciken yadda ɗalibai mata ke mu'amala da juna, da yadda suka bambanta da maza ko suka yi kama da su, zai fara ne da irin wannan zato a ransa, ko ya sani ko bai sani ba. Bambancin da zai samu a ƙarshe ya dogara ƙwarai da abin da ya zaɓa ya auna, da wurin da ya auna shi, da kuma wanda ke kallo a lokacin aunawar. Matakan da ke tafe duk suna komawa ga wannan batu.

Tsara tambaya

Abu na farko shi ne a rage faɗin tambaya. Ɗalibi kan kawo wa malaminsa take irin su "Halayyar ɗalibai mata a jami'a", alhali babu ma'aunin da zai iya ɗaukar wannan take gaba ɗayansa. Dole a mayar da shi aikin da ido ke iya gani, hannu kuma ke iya ƙirgawa: sau nawa ɗaliba ta yi magana a tattaunawar rukuni, sau nawa aka katse ta, wa take tunkara idan ta faɗi jarrabawa, wa take ara wa littafin da ta rubuta darasi. Idan mutum biyu ba za su iya kallon abu ɗaya su yarda cewa ya faru ko bai faru ba, to ba a gama fayyace shi ba tukuna.

Zaɓen aikin da za a ƙirga shi ne rabin sakamako. A 1986 Alice Eagly da Maureen Crowley sun tattara bincike-binciken da aka yi a kan taimako, suka ga cewa a jimlace maza sun fi mata taimako. Da suka duba irin taimakon da aka auna, sai ga shi mafi yawansa taimakon baƙo ne na ɗan lokaci, kamar wanda motarsa ta lalace a hanya ko wanda ya faɗi a cikin jama'a, kuma ratar ta fi girma a inda ake jin akwai haɗari ko kuma akwai 'yan kallo. Taimakon da ake yi wa aboki na tsawon watanni, kamar jinya da saurare da rarrashi, kusan bai shiga lissafi ba, saboda ba shi da sauƙin shiryawa a gwaji na minti 10. Saboda haka wanda zai binciki taimako a tsakanin ɗalibai ya rubuta ire-iren taimako da dama tun farko, ya auna fiye da ɗaya.

Sannan a yanke shawara tun da wuri: binciken a kan mata ne kaɗai, ko kwatanta mata da maza ne? Duka biyun halal ne a ilimi, amma kowanne da iyakar abin da zai iya faɗa. A wani gwaji da Stanley Schachter ya wallafa a 1959, an tara ɗalibai mata a jami'ar Minnesota, wani mutum cikin farar rigar likita ya shaida musu cewa za a jona musu lantarki. Wasu an ce musu zai yi zafi, wasu an ce ba zai wuce cakulkuli ba, sannan aka tambayi kowace ko tana son ta jira ita kaɗai ko tare da sauran. A cikin 32 da aka tsorata, 20 sun zaɓi jira tare, a cikin 30 da ba a tsorata ba kuwa 10 ne kawai. Ba a jona wa kowa lantarkin ba. Wannan gwaji ya nuna cewa fargaba na sa mutum neman 'yan'uwa, amma bai ce komai ba game da ko mata sun fi maza yin haka, tunda babu namiji ko ɗaya a cikinsa. Na sha ganin rubutun da ya auna mata zalla, sannan ya kammala da cewa mata sun fi maza abu kaza, kuma wannan kuskure ne da ke rushe aikin tun daga tushe. Akwai kuma kishiyarsa: Shelley Taylor da abokan aikinta sun nuna a 2000 cewa kafin 1995 mata ba su wuce kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka gwada a ɗakunan binciken yadda jiki ke amsa damuwa ba, amma aka riƙa ɗaukar sakamakon a matsayin halin ɗan'adam gaba ɗaya.

Sanin girman abin da ake nema

Kafin a fita neman mahalarta, a koyi karanta wata lamba da masu wannan fanni ke kira d. Ana samun ta ne idan aka ɗauki matsakaicin makin mata aka cire na maza, aka raba da ma'aunin yadda makin ya warwatsu a tsakanin mutane. Jacob Cohen ya ba da shawarar a ɗauki 0.2 a matsayin ƙaramin bambanci, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Bambancin tsawo tsakanin maza da mata yana kusantar 2, shi ya sa kowa ke ganinsa da ido. Idan kuwa d ta tsaya a 0.2, aka ɗauko mace ɗaya da namiji ɗaya da ƙuri'a, sau 56 ne kawai cikin 100 wanda ya fito daga rukunin da ke gaba zai fi ɗayan, wato kaɗan ya ɗara canki-canki.

A 2005 Janet Hyde ta duba manyan nazarce-nazarce 46, waɗanda kowannensu ya tace sakamakon bincike masu yawa wuri guda, ta samu cewa kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen da aka auna ƙanana ne ko kuma kusan babu. Akwai inda ratar ta yi girma, kamar ƙarfin jifa, akwai kuma inda take matsakaiciya, kamar kai hannu a faɗa. Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce, abin da yake farauta ƙarami ne a mafi yawan lokuta, kuma ƙaramin abu ba ya kamuwa da ƙaramin taru. Domin a sami damar kashi 80 cikin ɗari ta gano bambancin 0.5 idan da gaske yana nan, ana buƙatar mata 64 da maza 64. Idan bambancin 0.2 ne, ana buƙatar kusan 400 a kowane ɓangare. Wanda ke da ɗalibai 30 kacal a hannunsa, gara ya bar kwatanta jinsi ya yi bincike mai zurfi ta hanyar hira, domin a can 30 adadi ne mai albarka.

Zaɓen mahalarta

Hanya mafi sauƙi ita ce a tare duk wadda aka ci karo da ita a bakin aji, kuma ita ce mafi rauni. Masu tsayawa su amsa tambayar baƙo su ne masu sakin jiki da mutane, wato ainihin halin da ake son aunawa shi ne ya tace waɗanda suka shiga. Abin da ya fi shi ne a nemi jerin sunayen ɗalibai daga hukumar makaranta bayan samun izini, a zaɓa da ƙuri'a, a kuma rubuta yawan waɗanda aka gayyata da yawan waɗanda suka amsa. Idan za a kwatanta da maza, a ɗauko ɓangarorin biyu daga tsangaya ɗaya da aji ɗaya. Wanda ya ɗebo matansa daga sashen koyon jinya, mazansa kuma daga sashen injiniya, ba zai taɓa iya rabe bambancin jinsi da bambancin fannin karatu ba.

A kuma tuna cewa ɗaliban jami'a ba su ne duniya ba. Joseph Henrich da abokan aikinsa sun ja hankali a 2010 cewa kimanin kashi 96 cikin ɗari na waɗanda ake gwadawa a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kawai na al'ummar duniya. Ɗaliba a jami'a matashiya ce, mai ilimi, sau da yawa tana nesa da iyayenta a karon farko, tana kuma kewaye da sa'o'inta dare da rana. Abin da aka gani a wurinta ba lallai ne ya yi daidai da na mace mai shekara 45 da iyali ba.

Abin da baki ya faɗa da abin da aka gani

Takardar tambayoyi tana da arha kuma tana da sauri, amma abin da take kamawa shi ne yadda mutum ke kallon kansa, ko yadda yake so a kalle shi. Nancy Eisenberg da Randy Lennon sun duba bincike a kan tausayi a 1983, suka ga cewa idan aka tambayi mutane kai tsaye, mata na yi wa maza fintinkau, amma idan aka auna alamomin jiki irin su bugun zuciya, ko aka lura da fuska ba tare da mutum ya sani ba, ratar sai ta dusashe. Kristi Klein da Sara Hodges sun ƙara haske a 2001, inda suka sa ɗalibai su kalli hoton bidiyo na wata mai ba da labarin damuwarta su faɗi abin da take ji a ranta. Da aka yi alkawarin biyan kuɗi gwargwadon dacewar amsa, sai maza suka kamo mata. Darasin a aikace shi ne kada a sa wa takardar suna mai tona manufa, kuma a bar tambayar jinsi zuwa ƙarshen takarda tare da shekaru da aji, domin kada ta tuna wa mai amsawa abin da ake tsammani daga gare ta.

Kallo ma yana da nasa tarkon, domin kifi na ganin mai jar koma. Marianne LaFrance da abokan aikinta sun tattara bincike a kan murmushi a 2003, suka samu cewa mata sun fi maza murmushi, sai dai ratar, a ma'aunin d, tana kai 0.46 idan mutane sun san ana kallonsu, ta sauko zuwa 0.19 idan ba su sani ba. A wani gwaji na Jenifer Lightdale da Deborah Prentice a 1994, ɗalibai sun yi wasan kwamfuta na jefa wa abokin karawa bama-bamai. Waɗanda aka liƙa wa manyan takardun suna a ƙirji aka kuma zaunar da su kusa da mai gwaji, a cikinsu maza sun fi jefawa. Waɗanda aka bari a nesa ba suna ba kulawa, a cikinsu bambancin ya ɓace. Saboda haka, inda hali ya yi, a shirya yanayi biyu, ɗaya a bainar jama'a ɗaya a keɓe, domin ratar da ke tsakanin yanayin biyu takan fi ratar jinsi ba da labari.

Haka nan a kula da abin da ake tambaya a kai da kuma wanda ke tambayar. An daɗe ana rubuta cewa mata sun fi saurin bin ra'ayin jama'a, har Frank Sistrunk da John McDavid suka nuna a 1971 cewa mata na bin jama'a a batutuwan da maza suka fi sabawa da su, maza kuma na bin jama'a a batutuwan da mata suka fi sani. A 1981 Eagly da Linda Carli sun lura cewa kashi 79 cikin ɗari na marubutan irin wannan bincike maza ne, kuma su ne suka fi samun babbar rata. Ba sai an zargi kowa da maguɗi ba, domin mutum kan zaɓi tambayoyi daga abin da ya saba da shi. Maganin shi ne a gwada tambayoyin a kan wasu 'yan ɗalibai mata da maza kafin a fara, a jefar da waɗanda suka karkata, a kuma haɗa mace da namiji a cikin masu tattara bayanai tare da rubuta wanda ya gana da wa.

Misali, idan tattaunawar rukuni za a nazarta, a naɗi zaman da izinin kowa, a rubuta shi kalma bayan kalma, a maye sunaye da lambobi. A rubuta ƙa'ida a takarda: mene ne katse magana, kuma "haka ne" da mai sauraro ke jefawa don ƙarfafa mai magana tana cikin katsewa ko ba ta ciki? Sai a ba mutum biyu da ba su san hasashen binciken ba, ba su kuma san jinsin masu maganar ba, kowa ya ƙirga shi kaɗai. A auna yawan dacewarsu da ma'aunin kappa da Cohen ya fitar a 1960, wanda ke cire dacewar da ke faruwa bisa sa'a. Idan dacewar ta yi ƙasa, laifin ƙa'idar ne, sai a gyara ta a sake.

Abota da tasirinta

A ganina nan ne binciken ɗalibai mata ya fi albarka, domin ɗakunan kwana da ajujuwa suna tara mutanen da ba su san juna ba, su bar su tare na shekaru, kuma mai bincike na iya ganin abota tun tana jaririya. Hanyar zana taswirar abota ta samo asali daga aikin Jacob Moreno da Helen Hall Jennings a wata makarantar 'yan mata da ke Hudson a jihar New York, wanda aka wallafa a 1934. Yadda ake yi shi ne a zaɓi rukuni mai iyaka, kamar bene ɗaya na ɗakin kwana, a ba kowace jerin sunayen mazauna, a tambaye ta da wa take karatu, wa take gaya wa damuwarta, da wa take cin abinci. Kowace tambaya taswira ce daban, kuma sau da yawa wadda ake karatu da ita ba ita ce ake kuka a gabanta ba. Wannan hanya tana buƙatar mafi yawan mazauna su amsa, domin rashin mutum ɗaya mai jama'a yana yanke igiyoyi da dama a lokaci guda.

Matsalar da ke jiran mai bincike a nan, Hausawa sun riga sun faɗe ta ta fuska biyu. An ce sai hali ya zo ɗaya ake abota, an kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan aka tarar ƙawaye sun yi kama a wani hali, shin kamar ce ta haɗa su, ko zaman tare ne ya haifar da kamar? Aunawa sau ɗaya ba za ta raba wannan gardama ba, sai an auna a farkon shekara an sake aunawa a ƙarshenta.

Theodore Newcomb ya yi haka a kwalejin Bennington da ke jihar Vermont, wadda a lokacin ta mata ce zalla, daga 1935 zuwa 1939. Yawancin ɗaliban sun fito daga gidajen masu hali masu ra'ayin riƙau, malamansu da manyan ɗalibai kuwa masu ra'ayin sauyi ne. A zaɓen shugaban Amurka na 1936, kashi 62 cikin ɗari na 'yan shekarar farko sun goyi bayan Alf Landon na jam'iyyar Republican, ta masu ra'ayin riƙau, amma a cikin 'yan shekara ta uku da ta huɗu kashi 15 ne kawai. Da yake ya bi ɗalibai iri ɗaya shekara bayan shekara, ya iya nuna cewa su ɗin ne ke canzawa, kuma waɗanda ba su canza ba galibi su ne masu komawa ga iyayensu a matsayin madubi. Da aka sake neman su bayan kimanin shekara 25, yawancinsu suna nan a kan ra'ayin da suka fita da shi.

Christian Crandall ya bi irin wannan tsari a 1988 a ƙungiyoyi biyu na ɗalibai mata masu gidan kwana nasu, inda ya nazarci ɗabi'ar cin abinci mai yawa a zama ɗaya ba tare da iya tsayawa ba. A ƙarshen shekara ana iya hasashen matsayin ɗaliba a wannan ɗabi'a daga matsayin ƙawayenta, fiye da yadda ake iyawa a farkon shekara. Abin lura kuma shi ne gidajen biyu ba su da ƙa'ida ɗaya: a ɗaya, wadda ta fi yi ta fi farin jini, a ɗayan kuwa masu tsaka-tsaki ne ke da farin jini. Da ya haɗe gidajen biyu a lissafi ɗaya da sunan "ɗalibai mata", da wannan ya ɓace masa. Idan kuma makaranta na raba ɗakuna da ƙuri'a, to mai bincike ya tsinci dami a kala, domin ƙuri'ar ta kawar da batun zaɓen aboki. Bruce Sacerdote ya yi amfani da wannan dama a kwalejin Dartmouth a 2001, ya ga cewa abokin ɗaki na da tasiri a kan maki da shiga ƙungiyoyi, amma ba a kan zaɓen fannin karatu ba.

Haƙƙin waɗanda ake bincika

Ba a fara tattara komai sai kwamitin ɗa'ar bincike na makaranta ya amince. Sanarwar Helsinki ta 1964 da rahoton Belmont na 1979 su ne ginshiƙan ƙa'idojin bincike a kan mutane, kuma na biyun ya tsaya a kan girmama mutum, da kyautata masa, da adalci. A jami'a akwai haɗari na musamman, wato ikon malami a kan ɗaliba. Wadda malaminta ya miƙa wa takarda a aji, maki kuma na hannunsa, da wuya ta ce a'a ko da ranta bai so ba. Saboda haka wani daban ne zai gayyata, malamin kada ya san wadda ta shiga da wadda ta ƙi, kuma idan akwai wadda ba ta kai shekarun da doka ta yarda mutum ya amince da kansa ba, sai a bi ƙa'idar da ta shafe ta.

Cire suna bai isa sirri ba. Idan mata uku ne kacal a aji, aka rubuta cewa "wata ɗaliba mai aure a ajin ƙarshe ta ce kaza", kowa ya san ta. Taswirar abota ta fi kowanne haɗari, domin tana nuna wadda babu wanda ya ambata, kuma ganin haka a takarda na iya yi wa yarinya raunin da ba ya warkewa da wuri. Kada a nuna wa mahalarta taswirar gidansu. Idan tambayoyin sun taɓa matsalar cin abinci, ko baƙin ciki, ko cin zarafi, a tanadi sunan ofishin ba da shawara a ƙarshen takarda ga kowa da kowa, ba tare da ware wata ba.

Lissafi da rubutu

Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta hasashe, da yawan mahalarta, da irin lissafin da za a yi, a ajiye su da kwanan wata kafin a ga bayanai. Wanda ya kwatanta mata da maza a abubuwa 20 masu zaman kansu, alhali babu bambanci na gaske a ko ɗaya, yana da damar kashi 64 cikin ɗari ta samun aƙalla ɗaya da zai tsallake ma'aunin 0.05 da aka saba amfani da shi wajen cewa sakamako mai ƙarfi ne, ba sa'a ba ce. A 2015 wata gamayyar masu bincike ta maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallu, inda 97 daga cikinsu suka ba da sakamako mai ƙarfi tun asali, amma kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake bayarwa.

Labarin Martha McClintock ya cancanci kowane mai binciken ɗalibai mata ya san shi. A 1971 ta wallafa a mujallar Nature cewa a cikin ɗalibai 135 da ke ɗakin kwana ɗaya a kwalejin Wellesley, ranakun haila na ƙawaye da abokan ɗaki na matsowa kusa da juna. Maganar ta karɓu saboda ta yi daidai da abin da mata da yawa ke ji sun lura da shi. Amma idan mata biyu na da zagayen kwana 28, mafi nisan da za su yi da juna kwana 14 ne, matsakaicin nisa bisa sa'a kawai kwana 7 ne, kuma da yake tsawon zagaye ya bambanta, ranakun kan haɗu su rabu da kansu. H. Clyde Wilson ya bayyana kurakuran lissafin a 1992, sannan Zhengwei Yang da Jeffrey Schank suka bi ɗalibai 186 a ɗakunan kwana a ƙasar Sin fiye da shekara guda, suka wallafa a 2006 cewa ba su ga daidaituwar da ta wuce sa'a ba. Saboda haka kullum a fara lissafa abin da sa'a kaɗai za ta haifar, sannan a kwatanta. A kuma tuna cewa ɗalibai 40 daga ɗakuna 10 ba shaidu 40 ba ne masu zaman kansu, sai an yi amfani da lissafin da ke la'akari da rukuni. Haka kuma, samun sakamako mai ƙarfi a mata da rashin samunsa a maza bai tabbatar da bambanci ba, sai an gwada ratar ita kanta.

Wajen rubutu, a rabe gano bambanci da bayyana dalilinsa. Muriel Niederle da Lise Vesterlund sun samu a 2007 cewa a wani aikin tara lambobi, inda ɗalibai mata da maza suka yi ƙoƙari daidai, kashi 73 cikin ɗari na maza sun zaɓi a biya su ta hanyar gasa, mata kuwa kashi 35. Rata ce babba, kuma da sauƙi a ce halitta ce. Amma a 2009 Uri Gneezy da Kenneth Leonard da John List sun kai gwaji makamancin wannan wurin ƙabilun Masai a Tanzaniya da Khasi a Indiya. Su Khasi suna bin dangantaka da gado ta wajen uwa ne. A wurin Masai kashi 50 na maza da 26 na mata suka zaɓi gasa, a wurin Khasi kuwa kashi 54 na mata da 39 na maza. Don haka jimlar sakamako ta ɗauki iyakokinta tare da ita: su waye aka auna, su nawa ne, a wane yanayi, da wane ma'auni, kuma girman ratar nawa ne. A nuna hoton yadda makin ɓangarorin biyu ya shiga cikin juna maimakon dogayen sanduna biyu na matsakaici, a ba da rahoton duk abin da aka auna har da inda ba a ga bambanci ba, sannan a rubuta taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya cikin harshe mai sauƙi a aika wa ɗaliban da suka ba da lokacinsu, kafin a miƙa aikin ga kowace mujalla.